Shawara ga masu fama da narkolefsi

Salamu alaikum 'yan uwa. Daga Tawa nake rubutu, na daɗe da narkolefsi, ciwon da ke sa barci ya riƙa kada mutum kwatsam da rana. Ba ragwanci ba ne, ba kuma sammoren ƙudan tsando ba. Ƙwaƙwalwa ce ke kasa riƙe farkawa, galibi saboda ƙarancin oreksin, sinadarin ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya zauna a farke.

Kada ku jira barci ya kada ku, ku riga shi. Ina kwanciya minti 15 zuwa 20 da hantsi, in sake bayan azahar, waya ta tashe ni. In na zarce, jiki mutuwa yake. Tuwo da yawa da rana yana ƙara gyangyaɗi, atayin dare kuwa na bar shi.

Don Allah, in ido ya fara lumshewa kada ku hau babur. Magani sai wanda likita ya rubuta.