Yadda Za Ka Zaɓa wa Yaronka Keke Mai Caji

Iyaye sun yi ta tambayata wane keke mai caji ya dace da ɗan shekara 10 zuwa 12. Ga matakan:

1. Tabbatar ya ƙware a keken feda tukuna.

2. Tafi da shi kasuwa, Sabon Gari ko shagon da ka saba.

3. Ɗora shi a kan sirdi, ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa. Hattara da mai cewa "ai zai girma da shi". Keke ba rigar Sallah ba ce, mai nauyi kayar da yaro yake yi.

4. Duba ƙarfin injin, kada ya wuce wat 250.

5. Zaɓi wanda sai an juya feda injin ke taimakawa. Mai totur irin na babur kuwa, ni dai ba na ba yaro.

6. Sa mai shago ya ƙayyade gudun a kilomita 16 a awa.

7. Ba yaron ya matse birkin gaba da na baya, ka ga ko yatsunsa na kaiwa.

8. Duba batirin da kyau, musamman na gwanjo. Wanda ya kumbura ko ya tsage, bar shi komai arharsa, gobara yake jawowa.

9. Karɓi cajarsa ta asali. Kada a bar shi a caji kowa na barci, ko a rana tsakar gida lokacin bazara.

10. Saya masa hular kwano daidai kansa.

11. Kai shi filin ƙwallon unguwa ya fara gwaji. Ban da Titin Zoo cikin 'yan adaidaita sahu.