Yadda Ake Horar da Kariya Idan Dodo Ya Ƙi Kawo Hari

A cikin wasannin rubutu na intanet da ake kira MUD, waɗanda suka samo asali daga Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, akwai waɗanda ƙwarewar kaucewa da ta tare sara da garkuwa ba ta ƙaruwa sai an kawo maka hari. Shi ya sa ran ɗan wasa yake ɓaci idan ya tsaya gaban dodo, dodon kuma ya ƙame kamar gunki.

Maganin shi ne ka tsokane shi da kanka. Ka fara auna ƙarfinsa da umarnin consider, sannan ka ajiye takobi, ka sa sulke, ka kai masa naushi da hannu, domin faɗan ya daɗe, shi kuma ya yi ta ramuwa. A ganina dodo mai matsakaicin ƙarfi ya fi dacewa, saboda rarrauna yakan mutu kafin ka amfana.

Mu da muke wasa daga Gombe, inda sadarwa kan yanke ba zato, wajibi ne mu kunna umarnin wimpy, wanda yake sa jarumin ya gudu da kansa idan jininsa ya yi ƙasa.