Ga gwaurayen Abuja, kafin albashi ya shigo

Salamu alaikum 'yan uwa. Mai zaman shi kaɗai a Abuja, ba abin da ke karya shi kamar haya, domin kuɗin shekara ake biya dunƙule, ga na ejan a kai. To, raba hayarka gida 12. Ranar da albashi ya shigo, cire kaso ɗaya ka tura asusun da ba ka da katin ATM ɗinsa. Ko ka shiga adashi da mutanen da ka yarda da su, ka roƙa kwasarka ta faɗo watan da hayar za ta ƙare.

Kuma kafin arha ta ja ka Mararaba ko Masaka, lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa na wata guda ka ɗora a kan hayar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wani ɗakin mai arha ya fi na kusa da wurin aiki tsada, ban da cunkoson Nyanya da safe.

Sai ciki. Indomie da ƙwai wurin mai shayi kullum dare, ba ka jin fitarsu, amma su ke cinye albashi. Auno shinkafa, wake da gari a mudu tun farkon wata, ka cika tukunyar gas, ka yi miyar da za ta kai kwana biyu, in dai wuta ta bari.

Na gida kuwa, yanke abin da za ka riƙa tura wa su Inna, ka faɗa musu ranar.