Yadda nake shuka gurji a tsakar gida

Irin kokwamba na leda da ake sayarwa a shagunan kayan noma, da yawa daga cikinsa an yi masa aure ne, wato iri biyu aka haɗa aka samar da shi. In ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi, ba lallai ya biyo uwarsa ba. Gurji kuwa irinsa a hannunka yake, shi ya sa na fi riƙe shi.

Sai damina ta zauna nake shukawa, wajen ƙarshen Yuni. In yi kunya a gefen katangar da rana ke samu sosai, in haƙa ramuka tazarar taku guda, kowanne in zuba masa tafi biyu na takin awaki da ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Ƙwaya uku a rami, zurfin gaɓar yatsa. Kafin mako ya zagayo sun tsiro, in sun yi ganye huɗu a cire mai rauni. In da kaji a gidan, a kewaye wurin da tsohon gidan sauro tun ranar farko.

Gurji yaɗo yake yi. Ni nakan kafa masa karan dawa ya hau, don ɗan da ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa saurin ruɓewa yake.

Wurin fure ne mutane ke ruɗewa. Furen farko duk maza ne, su buɗe su zube, mai lambu ya ɗauka cuta ce ya ruga neman magani. A bar su. Macen tana tafe, za ka gane ta da ɗan mitsitsin gurji a gindinta, kuma ƙudan zuma ne ke kai mata garin namijin da safe. Wanda ya yi feshi a wannan lokaci ya kori masu yi masa aiki. Ga ƙwarin da ke huda ganye, toka nake barbaɗawa. Ɗan da ƙuda ya soke ya yi tsutsa, a tsinke a binne da zurfi.

Cikin wata biyu ake fara ci. A riƙa tsinka tun yana kore shar, da ƙarfinsa, domin in an bar su suka nuna a jiki uwar takan rage haihuwa.

Na iri, a zaɓi uwar da 'ya'yanta ba su da ɗaci ko kaɗan, a bar mata biyu har su yi ɗorawa su yi laushi. A fasa, a wanke ƙwayoyin, waɗanda suka taso saman ruwa a zubar. Sauran a shanya a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka.

Wajen ci, ba na fere ƙanana. In yayyanka, in daka ƙuli-ƙuli da yaji da gishiri, in sa albasa da ɗan man gyaɗa. Sai an zo ci ake haɗawa, don gishiri na taɓa shi yake fara tsatsafo da ruwa.