Kurakuran da masu koyon gita suka fi yi a kan ki, tsani da kod

Wata ranar Lahadi bayan la'asar wani yaro ya zo wurina a Agege da gitarsa a cikin buhu. Albasa yake taya kawunsa sayarwa a kasuwar Mile 12, gitar kuma a Alaba ya sayo ta da kuɗin da ya yi watanni yana tarawa. Kod, wato haɗin sautukan da ake kaɗawa tare, goma sha biyu ya haddace daga YouTube, kan yatsunsa duk ya yi kanta, kana gani ka san ba wasa ya yi ba. Na sa ƙanena ya ɗauko wata waƙar biki da kowa ya sani, na ce wa yaron ya bi shi. Ya taɓa G, ba ta zauna ba. Ya koma C, ya koma D, murya na gabas kiɗa na yamma. Can ya ɗago kai ya ce, "Yaya, wallahi duk na iya su, amma ban san wanda zan kama ba."

Abin ya taɓa ni, don ba shi kaɗai ba ne. Yawancin samarinmu da ke koyon gita a Legas, daga Idi-Araba har Alaba Rago, wayar hannu ce malamarsu. Ita kuwa hoton yatsu take nuna maka, ba kasafai take zaunar da kai ta gaya maka dalilin da ya sa wannan kod ke bin wancan ba. Kusan duk kurakuran da zan ambata daga nan suka samo asali.

A fara da wanda ake rainawa, wato kiɗa da gitar da ba a saita ba. Tsirkiya shida ce, daga mai kauri (ta shida) zuwa siririya (ta ɗaya): E, A, D, G, B, E. Iskar Legas akwai laima, ga gumin hannu, tsirkiya kan yi tsatsa, saiti kuma ba ya kwana, balle da damina. Wanda ke koyo da gitar da ta sauka, kunnensa ƙarya yake haddacewa. A saita kullum kafin a fara, a goge tsirkiyoyin da tsumma bayan an gama. Manhajar saiti ta waya ta isa, a bar ta a kan 440, ma'aunin saitin da aka saba amfani da shi. In an ɗauke wuta caji ya ƙare, a danna gaɓa ta 5 a tsirkiya ta shida, sautinta ya zama ɗaya da na tsirkiya ta biyar a sake. Haka za a yi ta sauka, sai dai a tsirkiya ta uku gaɓa ta 4 ake dannawa.

Na ce gaɓa, don wuyan gita kamar karan rake yake, ƙarafa sun raba shi gaɓa-gaɓa. Sautuka 12 ne kacal a tsarin da aka ƙera gita a kansa, kowace gaɓa kuma taki ɗaya ce. In ka kai gaɓa ta 12 ka dawo sautin da ka faro, illa dai ya fi tsini. Bakwai daga ciki suna da sunan baƙi, A zuwa G, sauran biyar ɗin su ne shap da filat da ke tsakani. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne zaton kowane baƙi da na kusa da shi akwai gaɓa a tsakaninsu. Daga E zuwa F babu, daga B zuwa C ma babu. Ba sai ka haddace wuyan duka ba tukuna. Tsirkiya ta shida kaɗai ka riƙe: a sake E, gaɓa ta 1 F, ta 3 G, ta 5 A, ta 7 B, ta 8 C, ta 10 D. Mako guda ya wadatar.

Yanzu ga tsani, wanda makaɗa ke cewa sikel. A nan na fi ganin ɓarnar lokaci. Yaro zai haddace wani zane mai kama da akwati, ya yi ta gudu sama da ƙasa a cikinsa har wata uku, amma ka ce ya faɗi abin da yake kaɗawa sai ya yi shiru. Tsani ba zanen yatsu ba ne, ƙidayar taki ce, kuma a tsirkiya ɗaya aka fi ganinta. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi duk waƙoƙinsa, saboda haka kada wani ya raina ta. Kama tsirkiya ta uku, wato G. Kaɗa ta a sake, sannan gaɓa ta 2, ta 4, ta 5, ta 7, ta 9, ta 11, ta 12. Kunnenka zai ji do, re, mi, fa, so, la, ti, do. Ƙirga tazarar: biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya. Wannan shi ne tsanin mejo, kuma duk inda ka faro a wuyan gita, in ka bi wannan ƙidaya, shi za ka samu.

Dubi abin da ya faru a taki na bakwai. Gaɓa ta 10 ita ce F, amma ƙidaya ta kai ka ta 11, wato F shap. Shi ya sa ake cewa ki na G, wato kiɗan da G ne gidansa, yana da shap ɗaya. Ba wata doka ce aka ƙaga don a wahalar da kai ba. Gwada sa F a wurin ka ji yadda tsanin ke ɗingishi kafin ya isa gida. Kuma ka riƙa rera kowane sauti da bakinka kana kaɗa shi. Wanda bakinsa bai iya faɗin so ba, yatsansa ba zai same ta a cikin waƙa ba.

Na ambaci gida da gangan, don shi ne ma'anar ki. Kowace waƙa tana da sautin da take komawa ta huta, kamar yadda ɗan kasuwa ke yini a Oshodi amma ya san inda zai kwana. Wannan sautin shi ne do, sunansa kuma shi ne sunan ki. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne ɗaukar kod na farko a matsayin ki. Sau da yawa hakan kan dace, amma waƙoƙi da dama daga fa ko la suke farawa. Ƙarshen baiti za ka saurara, inda murya ta sauka ta natsu. Riƙe wannan sautin a hancinka kana gunguni, ka bi tsirkiya ta shida gaɓa bayan gaɓa har ka ji sun haɗe sun zama ɗaya. Abin da na sa yaron nan ya yi ke nan. Ya wuce wurin sau biyu, a karo na uku ya tsaya a gaɓa ta 5, idonsa ya buɗe. Waƙar a A take, shi kuwa yana ta fama da G da C.

In ka san gida, ka san 'yan gidan. Kowane taki na tsani yana da kod ɗinsa, jerin kuma ba ya canzawa: na ɗaya, na huɗu da na biyar mejo ne, na biyu, na uku da na shida maino ne, na bakwai wani iri ne da ba za ka buƙace shi da wuri ba. A ki na G, ga su: G, A maino, B maino, C, D, E maino. A ki na C: C, D maino, E maino, F, G, A maino. Shi ya sa makaɗan Legas, a coci ne ko a wurin biki, ba su cika kiran baƙaƙe ba. Za ka ji mai fiyano ya ce "do, fa, so", kowa ya gane ana nufin na ɗaya, na huɗu, na biyar, ko a wane ki ake. Kiɗan hailaif da juju da yawa a kan waɗannan ukun yake yawo. Wanda ya haddace waƙa da baƙaƙe, da zarar mawaƙi ya ce a ɗaga masa kiɗan sai ya rikice. Wanda ya riƙe ta da lamba, matsawa kawai zai yi: G, C, D su zama A, D, E.

Wasu kuma sun ɗauka kod sautuka shida ne tunda tsirkiya shida ce. Uku ne: do, mi, so na tsaninsa. Kod ɗin C da kowa ke fara koya, tsirkiya biyar ake kaɗawa, amma abin da ke fitowa C, E, G, C, E ne, maimaici kawai. Bambancin mejo da maino kuwa sauti ɗaya ne, na tsakiya. A kod mejo yana gaɓa huɗu daga tushe, wato do, a maino gaɓa uku. Kama E mejo, ka kaɗa. Ɗaga manuniyarka daga gaɓa ta 1 a tsirkiya ta uku, ka sake kaɗawa. Ya zama E maino. Yi ta sa yatsan kana cirewa da ido a rufe har sai ka iya bambance su ko daga rediyon mai shayi ka jiyo. Ana cewa mejo na murna ne, maino na baƙin ciki. Ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, don ga waƙoƙin rawa nan birjik a maino.

Tsanin C mejo da na A maino sautukansu ɗaya ne, haka G mejo da E maino. Gida ne ya bambanta: wannan a do yake hutawa, wancan a la. Sauko gaɓa uku daga mejo, ka sami ɗan uwansa maino.

Akwai kuskuren da ya fi ba ni takaici, shi ne Bahaushe ya ɗauki gita ya ajiye kunnen da ya taso da shi a bakin ƙofa, wai wannan ilimin Turawa ne. Waƙoƙinmu na gargajiya da yawa a kan tsani mai sautuka biyar suke tafiya, haka ma kiɗan gitar Buzaye na Agadas da arewacin Mali. Wannan tsanin shi ne wanda ake koya wa kowa a gaɓa ta 5: A, C, D, E, G. A tsirkiya ta shida gaɓa ta 5 da ta 8, a uku na tsakiya ta 5 da ta 7, a siraran biyu ta 5 da ta 8. Maimakon gudu a cikinsa, nemo waƙar reno ko ta daɓe da ka ji a bakin iyaye mata, ka lalubo ta sauti bayan sauti. Wani lokaci za ka ji muryar ta faɗa tsakanin gaɓa biyu. Kada ka ce mawaƙiyar ce ta kauce. Goge, gurmi da garaya ba su da ƙarafan gaɓa, murya ma haka, suna da 'yancin zamewa. Maganin shi ne ka ɗan tura tsirkiyar sama da yatsa har sautin ya kai, ko ka zame zuwa gare shi.

Sai kafo, ɗan matsin nan da ake ɗaurawa a wuyan gita. Ba abin kunya ba ne, kada wani ya hana ka. Sai dai ka san lissafinsa. In yana gaɓa ta 2 ka kama siffar G, abin da ke fita A ne. Na taɓa ganin an kusa yin rigima a wurin atisaye a Obalende, mai gita ya dage a G yake, mai fiyano ya buga G bai shiga ba, kowa na ganin laifin ɗan uwansa. Kafo ne a gaɓa ta 2. Ƙirga gaɓoɓin ka ƙara kafin ka faɗa wa abokan kiɗa ki.

Duk wannan kuma ba ya aiki in bugun bai daidaita ba. Kod daidai a lokacin da bai dace ba ya fi kuskuren yatsa muni a kunne. Sa manhajar ƙidayar bugu a kan bugu 60 a minti, ka canja kod duk bugu huɗu, ƙafarka na taka ƙasa. Sai ya zauna sarai sannan ka ƙara sauri.

Yaron nan na ba shi aikin mako biyu, na hana shi koyon sabon kod ko ɗaya. Minti goma na tsani a tsirkiya ɗaya yana rerawa, sannan kullum ya nemo gidan waƙa guda daga cikin waɗanda ke tashi a kasuwa ko a cikin danfo, ya rubuta a bayan takardar lissafin albasa. Da ya dawo, ƙanena ya ɗauko wata waƙar daban ba tare da ya faɗa masa komai ba. Ya yi gunguni, ya lalubi tsirkiya ta shida, ya tsaya a gaɓa ta 10. Ya ce, "Yaya, D ce. Ke nan G da A zan nema." Ya kama D, ƙanena ya ci gaba da waƙa.