In za ka zaga duwatsu masu aman wuta a kan keke

Kowa hawan yake tsoro, alhali hawa in kekenka na da giya mai laushi ka sa haƙuri za ka kai, abin da ke karya mutum a irin wannan tafiya ruwa ne. Ƙasar da aman wuta ya bari duk ƙofofi ce, ruwan sama na sauka tana shanyewa, sai ka wuni kana tuƙi ko rafi ɗaya ba ka gani ba. Don haka cika gorunanka tun daga gindin dutse, kar ka ce sai gaba.

Taya kam samu mai faɗi mai kauri, don tsakuwar wurin kaifi gare ta, tana yanka roba. Tub biyu, kayan faci da famfo su zauna cikin jaka. Sai toka, ita ce muguwar, tana manne wa sarƙa ta dinga cin ta a hankali, kullum da yamma goge da tsumma ka ɗiga mai kaɗan, in ka labta shi da yawa tokar ka gayyato.

Wajen kwana nan ne ba wasa. In ka gaji ido zai kai ka kwari don iska ba ta kaɗawa, to fa kar ka yarda. Iskar kabon da ke fitowa daga ƙasa ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a rami take taruwa kuma ba ta da wari, ita ce ta fito daga tafkin Nyos na Kamaru a 1986 ta kashe sama da mutum 1,700, da yawansu cikin barci. Nemi tudu, in kuma ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, wata iskar ce daban mai guba, matsa gaba. Turakun tanti sau da yawa ba sa kamawa, ɗaure igiyoyin a jikin manyan duwatsu. Ka kuma tambayi doka tukuna, a gandun Teide na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya misali ba a barin mutum ya kafa tanti inda ya ga dama.

Rigar sanyi dole ce ko da rana na ƙuna a ƙasa, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6.

Gangara kuma da kaya a baya kar ka danne birki ka riƙe, zai yi zafi ya daina kamawa. Matsa ka saki, matsa ka saki, in ka ji ƙauri tsaya ya huce.