Kafin ku fita ganin gari da abokin ɗaki

Hutun farko na zuwa sai ka ga ɗalibanmu sababbin zuwa ƙasar waje sun haɗa jaka, kowa da abokin ɗakinsa, za a je buɗe ido. Madalla, ku je. Mutanenmu ba sa tsoron hanya, kuma ina alfahari da haka. Abin da ke ɓata min rai shi ne wanda ya tashi cikin ciniki, ko takalmi ba ya saya sai ya taya, ya zo nan yana miƙa kuɗi ba tambaya don kada a ce baƙauye ne.

Tikiti da masauki ba wuya, waya ta gama wannan. Tasi kuwa, a kunna mita ko a yanke kuɗi kafin jaka ta shiga but. A Paris tun 2016 kuɗin tasi daga filin jirgi zuwa cikin gari ƙayyadadde ne.

Ba kowane ƙari ne cuta ba. A Taj Mahal ɗan Indiya rupi 50 yake biya, baƙo 1,100, a rubuce yake. Gidajen abinci a Italiya suna karɓar kuɗin zama da ake kira coperto. Amma ku riƙe katin makaranta da izinin zama: a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, mazaunin Tarayyar Turai da bai kai shekara 26 ba kyauta yake shiga. In na'urar kati ta tambaya da kuɗin wace ƙasa za a cira, ku zaɓi na ƙasar da kuke tsaye, don canjin na'urar ya fi na banki tsada.

Inda ake jin jiki shi ne wajen biya, kuma kunya ce ke jawo shi. Ku biyu kun zauna, takardar abinci ba farashi, kowa na jiran ɗan'uwansa ya tambaya. Ma'aikaci ya ajiye ruwa da burodin da ba ku nema ba, kun yi shiru. Lissafi ya zo, ɗaya ya zaro kati yana cewa "bari kawai, ma yi magana a gida." A gidan ne ba a yin maganar. Na san samari biyu da suka dawo haka: wanda ya biya yana ganin an bar shi da asara, ɗayan yana cewa ai shi bai ce a shiga wurin ba. Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, amma gaisuwa sai a daƙile, har kuɗin haya ya shiga cikin rigimar.

Don Allah ku daidaita tun a ɗaki: nawa kowa zai iya kashewa, wa zai riƙe rasit, kuma duk abin da aka cuce ku a raba shi biyu ko wa ya miƙa. In ɗaya ya ce "malam, mu tashi, wurin nan ya fi ƙarfinmu," a tashi ba musu. In kuma an tsawwala, ku nemi rasit mai bayani dalla-dalla, ku karanta tare a gaban mai wurin kafin kati ya fito.